Gargaɗi Kan Masu Tallar Bindigogin Tunawa na Winchester da Sunan Jari

Wannan gargaɗi ya fi shafar 'yan'uwanmu mazauna Amurka, waɗanda wasu 'yan damfara ke bibiya ta intanet suna tallata musu bindigogin Winchester na tunawa a matsayin kadarar da za ta ninka kuɗinta cikin 'yan shekaru. Irin bindigogin nan ne da ake gani a finafinan kaboyi, masu mariƙin ƙarfe a bayan kunama, wanda ake ja ƙasa a mayar sama domin harsashi ya shiga. Mai tallar yakan nuna hoton bindiga mai ruwan zinare, da zane a jikinta da lambar tunawa a ƙotarta, ya ce kaɗan aka ƙera, gado ce ta shigo hannunsa, kuma matsi ne ya sa zai karyar da ita.

Ƙaryar farko ita ce maganar ƙaranci. Kamfanin Winchester ya fara fitar da waɗannan bindigogi a 1964, kusan dukkansu a kan samfurin Model 94 wanda John Browning ya tsara tun 1894, sannan ya ci gaba da fitar da sababbi kusan kowace shekara. Wadda aka yi a 1966 domin cikar kamfanin shekara 100 an ƙera ta fiye da guda 100,000, haka ma ta tunawa da shahararren maharbi kuma ɗan wasan nan Buffalo Bill ta 1968, ita kuwa ta jarumin finafinan kaboyi John Wayne ta 1981 an yi guda 49,000. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne yawancin waɗanda suka saya ba su harba su ba, sun ajiye su a kwali suna jiran tsada, shi ya sa har yau kasuwar ke cike da su sababbi fil. Ta 1966 an sayar da ita dala 125 a lokacin, kuɗin da darajarsa ta haura dala 1,000 a yau, kuma da yawa daga cikinsu da ƙyar suke kamo wannan a wurin gwanjo. Akwai 'yan kaɗan da aka ƙera ƙalilan masu tsada da gaske, amma ba su ne ake bin mutum da su har cikin wayarsa ba.

Ɗan abin da ya rage na darajar ma ya rataya ne a kan yanayin bindigar. Masu tara kayan tarihi suna biyan farashin sama ne ga wadda ba a taɓa harbawa ba, tana cikin kwalinta na asali mai ɗauke da lambar ƙira da ta dace da ta jikinta, tare da takardunta. Ko jan mariƙin nan kawai aka yi ta yi, yakan bar siririn karce a jikin ƙarfen, kuma da an ga haka farashinta ya gangaro kusa da na bindigar farauta ta yau da kullum. A nan ne wasu ke yin maguɗi: su goge wadda aka yi aiki da ita, su samo mata kwali da takardun wata, su ɗauki hoto daga nesa yadda ba za a karanta lambar ba. Wasu kuma suna fakewa da sunan tsofaffin Winchester na kafin 1964, waɗanda masu tarawa ke so saboda ingancin ƙirarsu, alhali na tunawa sun zo ne bayan kamfanin ya sauya ƙira domin rage kuɗin aiki.

Mafi muni shi ne wanda ba shi da bindigar kwata-kwata. Hotunan na sata ne daga wani gwanjo da aka riga aka kammala, kuma alamarsa ita ce gaggawa da neman a biya kafin alƙalami ta katin kyauta, ko kuɗin kirifto, ko wata manhajar tura kuɗi da ba a iya dawo da abin da aka aika. A nemi ya ɗauki sabon hoton lambar bindigar tare da takarda mai kwanan watan ranar. Galibi daga nan uzuri ke farawa.

Sai batun doka, wanda ya fi asarar kuɗi haɗari. A Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ce dokar tarayya ke ɗauka tsohon kaya, don haka ta tunawa bindiga ce cikakkiya komai adonta, kuma idan za ta tsallaka daga wata jiha zuwa hannun mai saye na gama-gari dole ta bi ta dillali mai lasisin tarayya. Duk wanda ya ce zai aiko ta ƙofar gida a asirce, ko zai tura ta Najeriya ko Nijar da sunan kayan ado, to ko dai ba shi da ita, ko kuma yana jan mai saye zuwa laifin safarar makamai. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya sanar da bankinsa nan take, ya adana saƙonni da shaidar biya, sannan ya shigar da ƙorafi a IC3, cibiyar karɓar ƙorafin laifukan intanet ta hukumar FBI.