Na canza wa tirelar kwanata ƙwayayen fitila zuwa LED, ga abin da na gani

Duk wanda yake da tirelar kwana irin wadda ake ja da mota nan Amurka, kuma yana son fita daji inda babu wutar da za a jona, shawarata ya fara canza ƙwayayen fitila tukuna kafin ya je ya zuba kuɗi a ƙaton batir ko ƙarin faifan sola. Tawa ta hannu na saya, ta zo da ƙwayayen nan na da masu zare lamba 921, kowane ɗaya yana jan kusan amp 1.4, in ka kunna biyar da daddare ai amp 7 kenan, batir ɗina kuwa na ruwa ne mai 100Ah (ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa, amp sau awa) wanda ba a so a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko. To wajen awa bakwai an gama da kai, ba ka kunna famfon ruwa ba ba ka sa waya caji ba. Ga zafi, har murfin robar fitilar saman gado ya ƙone ya yi ja.

Na LED ɗin da na sa kowane bai kai amp 0.3 ba, kuma haskensa bai gaza na da ba wallahi.

Inda na fi jin daɗin abun shi ne lokacin hunturu a wajajen Quartzsite ta jihar Arizona, filin gwamnati da hukumar BLM, mai kula da filayen gwamnatin tarayya, take bari a sauka kyauta har kwana 14, ba wuta ba ruwa, kuma sanyin dare a hamadar nan ba wasa ba ne. Hita gas yake sha amma fankarsa daga batir take ci, shi ya sa da can sai dai mu zaɓa ko haske ko ɗumi, ana yin isha'i a kashe wa yara fitila suna ƙorafi. Yanzu maman yara tana girkinta, yara suna karatunsu, hita yana tashi yana mutuwa har asuba, safiya ta yi sola ta cike gurbin, janareto ma sai nai ta mantawa da shi a bayan mota.

Amma fa ba kowane LED ba ne. Iri biyu na gwada, masu arhar nan da ake sayarwa a dunƙule a intanet ba su da abin daidaita wuta a ciki, kuma in ana cajin batir wutar tana hawa har volt 14 da wani abu, sai su fara ƙyaftawa su mutu ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi wanda aka rubuta 10 zuwa 30 volt a jikin kwalinsa, ya ɗan fi tsada amma nawa har yau lafiya lau. Sai launi, mai 6000K fari ne tas har da shuɗi-shuɗi kamar ɗakin asibiti, ni dai ido na ba ya so, 3000K na sa a wurin kwana da wurin cin abinci, farin na bar shi a kicin da banɗaki kawai.

Sawa ba wuya, ka kashe makunni ka bari tsohon ya huce ka zare ka soka sabon. In bai kama ba kar ka ce ya lalace, zare shi ka juya ƙafafun ka sake sokawa, wasunsu ta gefe ɗaya kawai suke karɓar wuta.