Sharhi kan rangadin wuni ɗaya daga Istanbul zuwa gidan sulhu na Mudanya

Kamfanonin yawon buɗe ido na Istanbul suna sayar da rangadin Bursa na wuni ɗaya, kuma kaɗan daga cikinsu suna haɗawa da Mudanya, garin da aka dakatar da yaƙin Girka da Turkiyya a 1922. Irin wannan na bi. Gidan da aka ƙulla sulhun ya cancanci zuwa, amma bayanin da jagoran kamfanin ya bayar bai kai nauyin abin da ya faru a ɗakin taron ba.

Jirgin ruwa mai sauri ake shiga daga Istanbul, a ratsa Tekun Marmara cikin kusan awa biyu. A lokacin sanyi iskar kudu da Turkawa ke kira lodos tana sa a soke jirage ba zato, don haka kafin ka biya ka tambaya ko akwai mota ta ko-ta-kwana. A guji ranar Litinin, domin ƙananan gidajen tarihi na gwamnati galibi a rufe suke. Ta fannin sufuri ban ga laifin kamfanin ba: an ɗauke mu kan lokaci, tikiti na hannun jagora, an kuma ba da sararin sallar azahar.

Gidan farin bene ne na katako a bakin ruwa, ginin ƙarni na 19. A ƙasa akwai ɗakin taro da ofishin Ismet Pasha, wakilin gwamnatin Ankara ta 'yan kishin ƙasar Turkiyya, a sama kuma ɗakunan kwanansa da na mataimakansa. Za a nuna maka tebur na marmara mai tsaga, a ce Ismet ne ya buge shi da hannu cikin fushi. Jagora ya daɗe a kan teburin nan, jama'a suka yi ta ɗaukar hoto, lokaci ya tafi.

Abin da ya kamata ya daɗe a kai shi ne su wa suka zauna. Daga 3 ga Oktoba 1922, Ismet yana fuskantar janar uku: Harington na Birtaniya, Charpy na Faransa, Mombelli na Italiya. Babu Bagirke a teburin. Wakilan Girka suna cikin jirgi a gaɓar garin, ana kai musu labari. An sa hannu 11 ga Oktoba, Girka ta amince bayan 'yan kwanaki. Da Girka aka yi yaƙin, amma da manyan ƙasashe aka yi cinikin, kuma duk wanda ya fita bai gane dalili ba, bai ci moriyar kuɗinsa ba.

Dalilin yana komawa Mayun 1919. Shugabannin Birtaniya da Faransa da Amurka, wato Lloyd George da Clemenceau da Wilson, su ne suka ba Venizelos, firaministan Girka, izinin sauke soja a birnin Izmir na Turkiyya ranar 15 ga wata, kuma ɗaya daga cikin manufofinsu shi ne kada Italiya ta riga shiga. Tun daga nan Italiya ta ƙullaci lamarin. Yarjejeniyar Sevres ta 10 ga Agusta 1920 ta ba Girka Tirakiya ta Gabas, wato yankin Turai da ke yamma da Istanbul, da ikon gudanar da Izmir, amma babu ƙasar da ta shirya tura sojanta don tabbatar da ita. Da Venizelos ya faɗi zaɓe a Nuwamban 1920 Sarki Constantine ya dawo, Faransa ta samu hujjar janye jiki, kuma bayan yaƙin Sakarya, inda Turkawa suka tsayar da sojan Girka, ta yi sulhunta ita kaɗai da Ankara ranar 20 ga Oktoba 1921 ta hannun wakilinta Franklin-Bouillon. Rasha ta Sobiyet kuwa zinari da makamai take aika wa Mustafa Kemal, jagoran gwamnatin Ankara. Aka bar Girka a tsakiyar Anatoliya, ba kuɗi, ba mataimaki. Farmakin 26 ga Agusta 1922 ya wargaza rundunarta, Turkawa suka shiga Izmir 9 ga Satumba.

Duk wannan jagoran ya dunƙule shi cikin jimla biyu. Rikicin Canakkale, wanda shi ya haifi taron, bai ma ambace shi ba sai da aka tambaya. A Satumban nan sojan Turkiyya sun zo dab da na Birtaniya a Canakkale, bakin mashigin ruwa na Dardanel. Faransa da Italiya suka kwashe nasu sojojin, Kanada ta ƙi amsa kiran Landan sai majalisarta ta zauna. An aiko wa Harington umarnin ba Turkawa wa'adi, ya riƙe takardar bai miƙa ba. A ganina wannan dattaku nasa ne ya hana sabon yaƙi. Kwana takwas bayan sa hannu a Mudanya, 19 ga Oktoba, gwamnatin Lloyd George ta faɗi.

Sharuɗɗan sulhun ma da an karanta su a bayyane: sojan Girka su bar Tirakiya ta Gabas zuwa kogin Meric cikin kwana 15, sojan ƙawancen Birtaniya da Faransa da Italiya su miƙa wa Turkawa mulkin yankin cikin kwana 30 bayan haka, Ankara ta shigar da jandarmomi da ba su wuce 8,000 ba. Fararen hula Girkawa sama da 200,000 suka bi sojan a ƙafa da keken shanu. Mutanen nan ba a ci su da yaƙi a yankinsu ba, takardar ɗakin nan ce ta tashe su.

Inda rangadin ya fi taɓa ni shi ne unguwar da ke bayan gidan, wadda ake kira unguwar mutanen Kirit. Tsofaffin gidajen katako ne na Girkawan Mudanya, da aka zaunar da Musulmin tsibirin Kirit a cikinsu bayan yarjejeniyar musayar jama'a da aka sa wa hannu a Lozan ranar 30 ga Janairu 1923. Addini aka duba, ba harshe ba: Kiristoci kimanin miliyan 1.2 suka ƙare a Girka, Musulmi kusan 400,000 suka koma Turkiyya, da yawan Kiritawan nan kuwa Girkanci suke yi. Waɗanda aka kwasa daga nan sun kafa garin Nea Moudania a arewacin Girka. Ratsawa kawai aka yi da mu a unguwar don a kama abincin rana a Bursa, alhali ita ta fi cancantar awa guda.

Ɗalibanmu da ke karatun tarihi ko hulɗar ƙasashe a Turkiyya, da 'yan kasuwa masu wuni ɗaya na hutu, gara su sayi tikitin jirgi da kansu su ba Mudanya rabin wuni. Wanda ya fi son kamfani ya nemi rangadin da bai haɗa da kasuwar Bursa ba, ya kuma tambaya tun farko ko jagoran zai yi bayanin Canakkale da Lozan. In ya yi ɗari-ɗari da amsa, a nemi wani.