Haddace amsoshi ko tara labaran aikinka: wanne ya fi a intabiyun neman kujerar manaja?

Ɗan'uwa, ka ce saura mako biyu ka shiga intabiyun muƙamin manaja, kuma an faɗa maka tambayoyin irin na "ba mu labarin wani lokaci da..." ne. Wani ya turo maka tambayoyi hamsin da amsoshinsu ya ce ka haddace. Wani kuma ya ce ka ajiye su, ka zauna ka tuno abubuwan da suka faru da kai a wurin aiki. Kana neman sanin wanne za ka bi. Na taɓa zama a kujerar mai amsawa, na kuma zauna a ta masu tambaya, don haka bari in jera maka su.

Sai ka fara sanin abin da kwamitin yake nema, domin shi ne ma'aunin. An gina wannan salon ne a kan tunani ɗaya: abin da mutum ya yi jiya shi ya fi nuna abin da zai yi gobe. Wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Tom Janz ya fitar da tsarinsa a 1982. Kafin nan, a 1980, wani masanin, Gary Latham, da abokan aikinsa sun fitar da wani salon mai tambayar "me za ka yi idan kaza ta faru?" Na Latham niyyarka yake aunawa, na Janz aikin da ka riga ka yi. A 2001 wasu masu bincike, Allen Huffcutt da abokansa, suka gwada su biyun a kan manyan muƙamai, sai suka ga tambayar abin da ya riga ya faru ta fi nuna wanda zai iya aikin. Shi ya sa da zarar kujerar ta shugabanci ce, ita ake yawan jefowa.

To, hadda tana da amfani a tambayar "me za ka yi", saboda amsa mai kyau tana nan a littattafai, kowa zai iya ɗauka. Amma idan aka ce ka ba da labarin ranar da ka tsawatar wa ma'aikacin da ya girme ka, babu littafin da ya san wannan ranar. Mai hadda yakan wuce tambayar farko lami lafiya. A ta biyu yake tuntuɓe.

Na ga haka da idona. Wani bawan Allah ya ba mu amsa a kan sasanta ma'aikata biyu da ba sa ga maciji da juna, amsa sumul, babu gargada. Sai wata daga cikinmu ta ɗago kai daga takardarta ta ce, "Da ka kira na farkon ofishinka, me ya fara ce maka?" Ya yi shiru, ya kalli silin, sannan ya maimaita jimlar da ya riga ya faɗa a kan muhimmancin sauraro. Ta ce, "Na ji. Amma shi, me ya ce?" Daga nan zufa ta karyo masa. Ban ce ƙarya ya yi ba, wataƙila abin ya faru, sai dai kalmomin wani ya aro ya lulluɓe labarinsa da su har shi kansa ya daina ganinsa. Wadda ta shigo bayansa ba ta kai shi iya magana ba, tana ma ɗan in'ina. Amma duk inda aka tona sai a sami abu: ta tuna cewa ma'aikacin ya ƙi zama, yana tsaye ya yi maganarsa, ta tuna abin da ta so ta faɗa ta haɗiye, da dalilin da ya sa ta raba musu aikin bayan kwana uku ba nan take ba. Makinta ya fi nasa nesa ba kusa ba.

Ta fuskar yawan aiki ma lissafin ba kamar yadda ake zato yake ba. Amsa hamsin kaya ne mai nauyi, kuma ana sauya wa tambaya fuska kaɗan sai ka rasa wacce za ka ciro. Labari shida zuwa takwas da ka san cikinsu da bayansu sun ishe ka, domin labari ɗaya yana amsa tambaya uku ko huɗu. Labarin aikin da ya kusa wuce wa'adi zai shiga tambayar raba aiki, ya shiga ta yanke hukunci cikin matsi, ya shiga ta saɓani da na sama da kai, gwargwadon ɓangaren da ka haska. A gaban kowane ɗan kwamiti akwai takardar maki mai ɗauke da halayen da ake nema, kuma galibi suna nan cikin tallar aikin da ka gani. Kamfanin Amazon, alal misali, ya wallafa ƙa'idojin shugabancinsa 16, da can 14 ne kafin a ƙara biyu a 2021, kuma a kansu ake ɗora tambayoyin. Ka ɗauki tallar aikin da biro, kowane hali ka rubuta labarin da zai tsaya masa.

Kada ka ɗauka tara labari ba shi da nasa aibun. Babban ciwonsa surutu. Mutum zai ɗauki minti biyar yana bayanin yadda sashensu yake da wanda ya kafa shi, lokaci ya ƙare bai zo kan abin da ya yi ba. Maganin wannan shi ne tsarin da ake kira STAR, wanda ake dangantawa da kamfanin DDI na Amurka, mai ba da shawara a kan ɗaukar shugabanni da horar da su: yanayin da aka shiga, nauyin da ke kanka, matakin da ka ɗauka, sai sakamako. Biyun farko jimla uku ko huɗu sun isa. Fiye da rabin lokacin na matakin da ka ɗauka ne, kuma duka labarin kada ya wuce minti biyu zuwa uku.

A nan ne da yawanmu muke faɗuwa, kuma ba don rashin aiki ba. An tashe mu da cewa yabon kai jahilci ne, sai bakinmu ya saba da "muka yi", "muka ga ya dace". Kwamiti kuwa ba tawagarku zai ɗauka ba, kai zai ɗauka. Idan "mu" ta yi yawa, mai ba da maki ba shi da abin rubutawa. Idan kuma "ni" ta cika ko'ina, sai a ga manajan da ke cinye ladan mutanensa. Ka raba su da gaskiya: "Ni na yanke shawarar ɗage ranar, ni na je na faɗa wa darakta, su kuma mutane huɗun da ke ƙarƙashina su suka sake gina rahoton a kwana biyar." Amsar hadda ba ta iya wannan rabon, don wanda ya rubuta ta bai san waye ya yi me ba.

Haka tambayar gazawa. Amsoshin da ake yawo da su duk iri ɗaya ne, wai "aibina shi ne son aiki ya fita tsaf". Kwamiti ya ji wannan har ya gaji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kawo kuskure na gaske, kamar ma'aikacin da ka daɗe kana rufa wa asiri har ya jawo asara, ka faɗi naka laifin ba tare da jingina shi ga wani ba, da abin da ka sauya a aikinka daga ranar.

Inda zan ba hadda haƙƙinta wuri uku ne. Gabatar da kai na minti ɗaya, wannan ka haddace. Alƙaluma, wato yawan mutanen da ka jagoranta, kasafin da ka riƙe, tsawon lokacin da aikin ya ci, su ma ka haddace, don kada ka ce goma a farko ka ce sha biyu a ƙarshe. Sai jimlar buɗe kowane labari, musamman idan kana cikin masu daburcewa.

A mako biyun nan, ka ba kwana uku na farko ga tunowa da rubutawa, kowane labari layi biyar kawai, ba cikakken rubutu ba. Sauran kwanakin ka riƙa faɗarsu da baki kana ɗaukar muryarka a waya. Sannan ka sami wanda ba ya jin nauyinka ya zauna gabanka, aikinsa kawai ya riƙa katse ka da "sai ya ce me?", "me ya sa ba ka yi kaza ba?", "wa ya ƙi amincewa?" Duk labarin da ya kasa jure irin waɗannan tambayoyi uku a jere, cire shi ka nemo wani.