Na biya kuɗin Faransanci, Sifaniyanci ne ya shiga kaina

Harkar motoci nake yi ta Kwatano, kuma na gaji da biyan tafinta duk lokacin da takarda ta fito daga tashar jiragen ruwa. A Maraɗi ba ka da damuwa, Hausa ce tun daga tasha har kasuwa, amma kana gangarawa Benin ko Lome ka zama kurma. Shi ya sa na runtse ido na biya kuɗin shekara guda a wata manhajar koyon harsuna don in koyi Faransanci, kun dai san yadda kuɗin waje yake yanzu. Biyan nan guda yana buɗe maka duk harsunan da ke ciki, ni kuwa ba na barin kuɗina ya kwana a banza, sai na haɗa da Sifaniyanci saboda ƙwallo, daga baya na leƙa Italiyanci.

Sifaniyancin nan ya ba ni mamaki ƙwarai. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, kamar yadda muka koya a aji ɗaya, kuma abin da ka gani a rubuce shi za ka faɗa. Wannan "r" mai karkarwa da Turawan Ingila ke kuka da ita, wadda ke raba pero da perro, mu da ita muka tashi a baki. Yawancin kalmomin da suka ƙare da "a" mata ne, kamar dai a Hausa. Tun ba a je ko'ina ba na fara tsintar kalmomi a hirar da ake yi da 'yan wasan Real Madrid bayan an tashi wasa. Ba wai ba shi da ƙaya ba: aikatau yana sauya wutsiya ga kowane mai magana, akwai rikicin ser da estar, kalmomi biyu da ke tsayawa wurin "ne" ko "yana" namu, sannan mutanen suna zuba magana da gudu. Amma ko ba ka gane ba, ka ji inda kalma ta fara da inda ta ƙare.

Italiyanci ma bai wahalar da bakina ba. Bambancin nono da nonno, Bahaushen da ya san baba daban babba daban ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abin da ya ɗan dame ni shi ne tarin il, lo, la, i, gli, le da ake sawa gaban suna, da kuma yadda yake cuɗewa da Sifaniyanci a kai, don burro man shanu ne a Roma, jaki ne a Madrid. Na ajiye shi da wuri, tunda ba ni da abokin ciniki a can.

Har zuwa nan tauraro huɗu na yi niyyar ba masu manhajar. Sai na tuna abin da ya faru da ni a waya, raina ya sake ɓaci.

Wakilina na tasha ya yi tafiya, ya bar ni da wani abokin aikinsa da ba ya jin Hausa. Na ce to, yau ranar da kuɗina za su yi amfani ce, tunda manhajar kullum tafa mini take, tana cewa na wuce mataki kaza. Muka gaisa lafiya lau, bonjour, ça va, har ina jin kaina. Da muka zo kan kuɗin fiton mota sai mutumin ya ce quatre-vingt-quinze mille. Kunnena ya ji huɗu, ya ji ashirin, ya ji sha biyar, ya ji dubu. Nawa ke nan? Ashe 95,000 yake nufi na sefa, wato ashirin sau huɗu, a ƙara sha biyar. Haka Faransawa ke ƙirge: 70 sittin da goma ne, 80 ashirin huɗu, 97 kuwa ashirin huɗu da goma da bakwai. Na ce ya maimaita, ya maimaita da sauri fiye da na farko. Na sake roƙo, ya yi tsaki. Ƙarshe yaron shagona, ɗan Damagaram da ko sakandare bai gama ba, shi ya karɓi wayar ya gama maganar cikin minti biyu, yana danne dariya. A gaban masu sayen mota fa. Ina maigida, ina tsaye kamar an dasa ni.

Da na koma na bincika, darasin lambobi daga 70 zuwa sama yana can ƙasa an binne shi, bayan darussan kyanwa tana shan madara da yarinya tana cin tuffa. Ko da ka isa wurin, ba a sa ka ji adadi ka rubuta, ana jera maka kalmomi ne ka danna. Wane ɗan kasuwa ne zai fara buƙatar tuffa kafin farashi? Har a Beljiyam da Suwizalan sun sauƙaƙa wa kansu, suna cewa septante da nonante, amma Kwatano ƙirgen Faris take bi, kuma manhajar ba ta taɓa gaya mini ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Matsalar Faransanci a kunne take, manhajar kuma ido take koyarwa. Il parle da ils parlent, mutum ɗaya da mutane da yawa, a baki duk ɗaya ne. Vert, verre, vers, sauti guda, ma'ana uku. Haruffa uku na eau "o" kawai ake faɗa. Kalma tana manne wa ta gaba, les amis ya koma "lezami". Ga wasulan hanci, ga "r" ta maƙogwaro, ga "u" da sai ka tsuke baki. Jinsi kuwa babu wata alamar kirki, haddace shi za ka yi, rana da muke ce wa ita a wurinsu namiji ce, wata kuma mace. Muryar da ke cikin manhajar a hankali take magana, tsaf-tsaf, babu wanda ke yi maka haka a bakin tasha. Wurin gwajin furuci ma abin haushi ne: in faɗi jimlar Sifaniyanci sau ɗaya ta amsa, in faɗi ta Faransanci har muryata ta dushe tana nuna mini ja. Wata rana don gwaji na yi mata gunaguni kawai, ta ba ni kore.

Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa harsunan nan uku a rukuni mafi sauƙi, awa 600 zuwa 750 na aji a lissafin da ta taɓa fitarwa. Wannan lissafin masu Ingilishi ne, ga bakin Bahaushe ni dai na ga Sifaniyanci a gaba, Italiyanci na bin sa, Faransanci can baya. Kuma ku yi lissafi da kanku: minti 15 a rana da tallarsu ke faɗa, awa 600 ta haura shekara shida. Ba su rubuta wannan a tallar ba.

Gaskiya ɗaya, karatun takarda ya ɗan samu. Yanzu ina gane rabin abin da ke cikin takardun kwastan, kuma ɗan Italiyancin da na taɓa ya taimaka, don manger da mangiare 'yan gida ɗaya ne. Sai dai ana cikin haka shekara ta zagayo, suka zare kuɗin wata shekarar daga katina ba sallama ba gargaɗi. Na rubuta musu, amsar inji ce ta dawo, wai in duba sharuɗɗa. Tauraro biyu, kuma na cire katina. Akwai wani malami ɗan Nijar a unguwarmu da ke koyarwa bayan isha'i, na riga na gaya masa daga lambobi za mu fara.