Hattara da mai tallan amfilifaya "wat 3000" a Facebook

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da ya same ni makon jiya ba na fatan ya sami wani.

A gida nake aiki, ina tace sautin karatun malaminmu kafin a tura wa ɗalibai, kuma sifikar kwamfutata ba ta fitar da murya tas. Ana haka na ga tallan wani a Facebook: amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da sifika biyu, wai 'yan Beljiyam ne, wat 3000, ga tambarin kamfanin sifika na JBL. Ya turo bidiyo kayan suna ruri, ya ce in tura rabin kuɗi, in cika idan direba ya iso tasha. A tasha aka ce ba a buɗe kwali sai alat ya shiga. Na ɗaga na ji nauyi, na biya.

Da na kunna a gida, ina ƙara murya kaɗan sai ƙarar gwangwani. Mai gyara ya kwance bayan sifikar a gabana. Wallahi dunƙulen siminti ne aka manna a ciki, maganaɗisun kuwa ɗan mitsitsi. Nauyin da na ji ke nan.

Sannan ya nuna mini adaftar da ke ba amfilifayar wuta: bolt 12, amfiya 2. Ka ninka, wat 24 ke nan. Na'urar da ke shan wat 24 ina za ta samo 3000? Lambar 3000 da ke jikin kwalin ita ake kira PMPO, ta talla ce kawai, kowa na buga abin da ya ga dama. Lambar da ake kira RMS ita ce ƙarfin gaskiya, kuma a ɗakin aiki, inda sifika ke gabanka a kan tebur, wat 20 zuwa 30 kowane gefe ya ishe ka. Da na san haka tun farko, tallan kansa ya isa ya kore ni.

Don Allah kada ku biya kafin gwaji. Ku je da wayarku, ku sa sautin da kunnenku ya saba da shi, ku ƙara murya, ku karanta adafta, ku karɓi rasit mai adireshin shago.

Mutumin ya toshe lambata ranar da na kira shi. Na kai ƙorafi banki da shaidar tura kuɗi. Jiya kuma na sake ganin bidiyon nan, ƙarƙashin wani sabon suna, mutane suna ta tambayar farashi.