Bankok da Jakar Goyo: Wace Unguwa Za Ka Sauka, Me Za Ka Hau?

Mai zuwa Bankok, babban birnin Tailan, da jakar goyo da kuɗi ƙalilan yakan fara da tambayar inda gado ya fi araha. A ganina tambayar ta zo a baibai. Gado a ɗakin haɗaka, irin mai gadaje shida ko takwas hawa-hawa, kusan farashinsa ɗaya ne a faɗin birnin, 'yan ɗaruruwan baht, kuɗin ƙasar, a dare. Abin da ke cinye guzuri shi ne zirga-zirga a garin da cunkoson motoci kan tsayar da mutum awa guda a wuri ɗaya, sai kuma neman abin da Musulmi zai ci hankali kwance. Don haka unguwa ake fara zaɓa, gado ya biyo baya.

Sunan da kowa zai fara ambata maka shi ne Khao San. Ɗan gajeren titi ne, bai kai rabin kilomita ba, a tsohon gari, kuma sunansa na nufin shinkafar da aka casa, domin a da kasuwar shinkafa ce. Yau matattarar matasan Turawa ce masu yawon duniya. Alherinsa a fili yake: da ƙafa za ka je Babbar Fadar Sarki da wurin bautar Wat Pho, tashar jirgin ruwa ta Phra Athit na kusa, masu sayar da tikitin bas zuwa Chiang Mai ko tsibiran kudu ga su birjik. Akwai ma Masallacin Chakraphong a cikin wani lungu ba nisa. Amma da magariba ta yi, titin ya koma mashaya tun daga wannan baki har wancan, kiɗa na girgiza bango har tsakar dare. Kuma jirgin ƙasa bai iso nan ba. Tasha mafi kusa sai ka taka na wajen minti ashirin cikin zafin da ke jiƙa riga. In dai sai ka sauka a nan, nemi ɗaki wajen Rambuttri ko Samsen, inda hayaniyar ta ɗan lafa, kuma kwana biyu sun isa.

Ta biyu ita ce Nana, a kan titin Sukhumvit. Lungun da ake kira Soi Arab, wato Soi 3/1, cike yake da gidajen abincin Larabawa da 'yan Pakistan, shawarma da gasasshen rago da shinkafa, ga turaren oud na tashi kamar kana kasuwar Jidda. Tashar Nana ta jirgin sama-sama, wato jirgin ƙasa mai bi ta kan gada, na bakin hanya. Matsalarta biyu. Abincin ya ninka na titi tsada, don masu zuwa jinya asibitin Bumrungrad daga ƙasashen Larabawa ake wa farashi, ba mai jakar goyo ba. Sannan tsallaken titi kawai, a Soi 4, unguwar masha'a ce da ta yi ƙaurin suna. Wanda ya zo da iyali, ko wanda ba ya son idonsa ya yi ta kai-kawo, ya sani tun da wuri.

Inda ni zan ajiye jakata shi ne tsakanin Ratchathewi da Pratunam. Fataken tufafi daga Afirka ta Yamma sun daɗe da sanin Pratunam, kasuwar sarin riguna da ke ƙarƙashin dogon benen Baiyoke, don haka baƙar fata ba abin kallo ba ce a nan. Jirgin ƙasan da ke tasowa daga filin jirgin saman Suvarnabhumi yana tsayawa a Ratchaprarop da Phaya Thai, tafiyar kusan rabin awa a kan kuɗin da bai wuce baht 45 ba, ka sauka ka taka zuwa masauki ba tare da ciniki da direban tasi ba. A lungun Phetchaburi Soi 7 akwai Masallacin Darul Aman, kewaye da masu abincin halal na 'yan ƙasa, a farashin 'yan ƙasa: shinkafa da kaza mai kurkur da suke kira khao mok kai, miyar wutsiyar sa, roti da ayaba. Ɗan gaba kaɗan, a bakin magudanar Saen Saep, unguwar Ban Krua ce ta Musulmin ƙabilar Cham masu saƙar siliki. Unguwar ba ta da kyan gani, gaskiya, kuma lungunan kasuwar sun matse har sai ka riƙe jaka a gaba. Amma ka ci, ka yi salla, ka hau jirgi, duk cikin tafiyar minti goma.

Maganar abinci ba ƙarama ba ce, domin naman alade ya ratsa girkin Tailan, har a romon taliyar da ka ɗauka na kaza ne. Sunan alade a yarensu shi ne "mu". Ka nemi tambarin halal, ko ka duba mai sayarwa ko tana sanye da hijabi.

Sai abin hawa. Jirgin sama-sama na BTS, wanda aka buɗe a 1999, da na ƙarƙashin ƙasa na MRT da ya biyo baya a 2004, su ne ƙashin bayan tafiyarka: akwai sanyi, ba cunkoso, farashi a rubuce. Illarsu, tikitin ɗaya ba ya aiki a ɗayan, kuma in kun kai mutum uku ko huɗu tasi kan fi sauƙi. Tasi mitarsa na farawa daga baht 35. Direban da ya ƙi kunna mita, sauka ka tare wani, suna da yawa. Manhajojin kiran mota na Grab da Bolt suna nuna kuɗi tun kafin ka shiga, abin da ke raba gardama.

Tuk-tuk, ɗan'uwan adaidaita sahu, shi ne tarkon baƙo. Ba mita, kuma yakan fi tasi mai sanyi tsada. Wanda ya ce zai zaga da kai gari a kan baht 20, ko ya rantse maka cewa yau an rufe fada, shagon tela ko na duwatsun ado zai kai ka don ya karɓi la'adarsa. Hau sau ɗaya don marmari. 'Yan acaɓa masu riga ruwan lemo sun fi shi amfani in tafiyar gajera ce kuma kana da ƙarfin zuciya.

Abin da baƙi ke mantawa shi ne ruwa. Jirgin kogin Chao Phraya mai tuta ruwan lemo bai kai baht 20 ba, yana bi ta gaban wurin bautar Wat Arun da unguwar Sinawa, alhali na 'yan yawon buɗe ido mai shuɗiyar tuta ya ninka shi kuɗi a kan kogi ɗaya. Kwale-kwalen injin na Saen Saep kuwa daga Pratunam yake kai ka bakin tsohon gari cikin 'yan mintuna. Ruwan magudanar baƙi ne, yana wari, ka ja tamfal ɗin gefe kada ya fantsal maka a baki.

Lokaci ma zaɓi ne. Nuwamba zuwa Fabrairu an fi samun sauƙin zafi, ɗakuna kuma sun fi cika. Afrilu zafi ne tuburan, ga bikin Songkran daga 13 zuwa 15, lokacin da ake watsa wa kowa ruwa a titi, da wayarka da fasfonka. Damina, daga Yuni zuwa Oktoba, ita ce ta mai neman rangwame, kuma a lokacin ɗaki mai fanka kawai ba zai busar maka da wanki ba, ƙara kuɗi kaɗan ka karɓi mai na'urar sanyi.

Kafin duk wannan, mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza tun daga gida, tare da takardar wankewa ta hukumar NDLEA, sannan ya riƙe katin rigakafin shawara a hannu, ba a ƙasan jaka ba, domin teburin jami'an lafiya ake fara bi kafin layin buga fasfo. Na'urar cirar kuɗi kuma tana yankar baht 220 ko fiye a kowane cira da katin waje, komai ƙanƙantar abin da ka cira, don haka ka zo da dala sababbi, marasa yagewa ko rubutu, ka canza a cikin gari.