Mai Gadi da Ɗan Sanda: Wa Ke da Ikon Kamu?

Kaki ba ya mayar da mai gadi ɗan sanda. A dokar shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015, ikonsa daidai yake da na kowane farar hula: ya ga ɓarawo yana sata, ya riƙe shi, ya miƙa wa 'yan sanda nan take. Duka ko kulle mutum a ɗakin gadi har safe, laifin ya koma kansa. Bindiga kuwa, dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta haramta masa.

Ɗan sanda yana iya tsarewa, ya yi bincike, ya ba da beli. Amma shi ma da linzami a bakinsa: awa 24 ya kai mutum kotu, in akwai kotu cikin kilomita 40.